Shawarwari Kan Haɗe Gundumomin Makarantu a Karkarar Amurka

A shekarun 1930 Amurka na da gundumomin makarantu (wato yankunan da kowanne ke da hukumar da ke tafiyar da makarantun gwamnati a cikinsa) fiye da 100,000, yau kuwa kimanin 13,000 suka rage saboda haɗe su da aka yi ta yi. Wasu iyaye da manoma da malamai da suka tattauna batun haɗe gundumomin sun fi tsayawa kan motar ɗaukar yara. Shawararsu ita ce kafin a amince da haɗewa, a nemi a rubuta tsawon lokacin da yaro zai shafe a hanya, musamman 'yan firamare lokacin sanyi. Ni ma nan na fi ba wa nauyi, domin kuɗin da aka rage a albashin shugabanni sau da yawa man mota da direbobi ke cinye shi.

Wasu suka ce a fara gwada tsarin jihar Iowa, inda gundumomi biyu ke raba azuzuwa tsakaninsu, kowace tana riƙe da hukumarta. A kuma bincika wa zai biya tsohon bashin kowace gunduma, tunda harajin gonaki ne ke ɗaukar nauyinsa.

Batun ginin makarantar da za a rufe, an ce a sama masa aiki tun kafin rufinsa ya fara yoyo.