Poetry ta cinye min faifai, wanne muhalli zan goge?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Aikin kammala digirina nake yi da Python, na gano cutar ganyen tumatir ta hoto, kuma Litinin mai zuwa zan kare shi. Laftof ɗin ta yayana ce, 128GB, shi ma aro ya ba ni da tawa ta faɗa ruwa. Yanzu saura 2GB, ko hotuna ba ta karɓa. Na leƙa foldar virtualenvs ta Poetry, manhajar da ke saka min kayan Python da aikin ke buƙata, na tarar da muhalli (foldar da take zuba kayan kowane aiki) har shida, amma `poetry env list` ɗaya kawai take nuna min. Torch, babban kunshin da ake horar da kwamfuta da shi, na ciki, dare guda na kwana ina sauke shi. Hankalina ya tashi wallahi.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam ƙanwata, abin ba wuya. `poetry env remove --all`, ki share foldar virtualenvs ɗin, ki share cache, sai `poetry install`. Duk abin da kike buƙata yana cikin poetry.lock, fayil ɗin da ke riƙe da jerin kayan aikinki. Na yi haka ba adadi.

Maman Ilham: Injiniya a bar mata cache! Nan Poetry ke ajiye abin da ta riga ta sauke. Ni da na share nawa, datar wata guda ta tafi a yini ɗaya, ga wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, na koma farko. Har yau abin na min ciwo.

Habu: Sadiya, kin taɓa sauya wa foldar aikin suna? Poetry tana haɗa sunan muhalli da hanyar da folda take. Kina sauyawa sai ta ƙirƙiri sabo, tsohon ya zama maraya, shi ya sa ba ya fitowa a jerin. Buga `poetry env info --path` ki ga mai aiki, sauran biyar ki goge su da hannu.

Sadiya: Sau uku na sauya, amma dole ce ta sa, malamin da ke duba aikin ya ce kowane gyara da sunansa.

Injiniya Bashir: Tun farko da kin sa `virtualenvs.in-project true`, da muhallin yana cikin .venv kusa da aikinki. Ku matasa ba kwa karanta bayani. Ɗalibin da na koyar bara ma haka, wata uku ina fama da shi, ya samu aiki ko sallama babu.

Sadiya: Yaya Bashir, foldar a Google Drive take, ina zan kai .venv mai nauyin nan?

Habu: Akwai abin da kika saka kai tsaye da pip, wata manhajar saka kayan Python, ba ta Poetry ba? Shi ba ya shiga poetry.lock.

Sadiya: Guda biyu, don `poetry add` ta ƙi su. Na manta a wanne muhallin ne, amma lokacin komai ya yi aiki lafiya.

Injiniya Bashir: Duk da haka ki goge. Kuskuren da zai fito shi zai faɗa miki sunansu.

Maman Ilham: Saura kwana huɗu fa! Ki kwashe hotunan a filasha, kar ki taɓa komai sai kin kare.

Sadiya: Habu, na buga. Hanyar da ta nuna tana ƙarewa da py3.12, ni kuwa da Python 3.10 na horar da manhajar gano cutar. Ke nan ba shi ne mai torch ɗin ba?