Kafeyin na ƙara tsalle da gaske ko dai zuciya ce kawai?

Mai_bulokin:
Salam 'yan uwa. Ƙwallon raga nake bugawa kuma ni ba dogo ba ne, don haka ko santimita ɗaya a tsalle babban abu ne a wajena. Akwai wani ɗan tim ɗinmu da kullum sai ya kora kofi baƙi ƙirin kafin wasa, wai shi ke sa yake fin mu tashi a gaban raga. Na gwada sau ɗaya ban ga komai ba sai bugun zuciya da zaryar fitsari. Don Allah masana abin gaskiya ne? In gaskiya ne nawa ake sha kuma yaushe? Sannan ba ya cikin abubuwan da aka hana 'yan wasa?

Tsohon_koci:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Yana ƙarawa, amma kar ka ɗauka fuka-fuki zai ba ka. An sha gwadawa a kan 'yan wasa, a ba wasu kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi, a ba wasu ƙwayar da ba komai a ciki sannan a auna tsallen da mutum ke ɗan durƙusawa ya cilla sama, abin da ake samu ƙari ne ɗan kaɗan, galibi santimita ɗaya zuwa biyu. Ga mai motsa jiki don nishaɗi wannan ba komai ba ne, amma ga wanda yatsunsa ke kuskure ƙwallo da ƙyar a gaban raga ai ka san ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda yake aiki, akwai wani sinadari a jiki da ake kira adinosin, shi ke taruwa yana gaya wa ƙwaƙwalwa an gaji. Kafeyin sai ya je ya zauna a mazauninsa ya tare wajen, sai ƙwaƙwalwa ta farka, saƙon da take aika wa tsoka ya fi ƙarfi. Ba wai tsokar ce ta ƙaru ba, wadda kake da ita ce dai aka fi tasowa.

Awon da aka fi amfani da shi miligiram 3 zuwa 6 ne a kan kowane kilo na nauyinka, kamar awa ɗaya kafin wasa. In kai kilo 70 ne, 3 ɗin zai ba ka miligiram 210, kusan kofi biyu kenan. Ni dai shawarata ka tsaya a ƙasan nan, don zuwa 9 ba ya ƙara komai sai rawar jiki da tashin zuciya.

Ummu_kwando:
Maganar hani kuma, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta cire kafeyin daga jerin haramtattu tun 2004, yanzu sa ido kawai take yi. Amma NCAA ta wasannin jami'o'in Amurka har yau tana da iyaka, in ya wuce maikirogiram 15 a kowace mililita ta fitsari an kama ka.

Abin da koci bai taɓo ba shi ne barci, kuma wallahi nan ne ni na sha wuya. Jiki na ɗaukar wajen awa 5 kafin ya rage rabinsa, to ka sha 200 da ƙarfe 5 na yamma, ƙarfe 10 na dare akwai kusan 100 yana yawo a jininka. Na taɓa sha kafin wasan ƙwallon kwando na dare, na yi tsalle kam ba laifi, amma a layin jifa hannuna rawa yake har na zubar da biyu a jere, na dawo ina ƙirga silin har asuba, washegari a tirenin ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo. Santimitar da na samu jiya na biya ta da riba.

Dan_lissafi:
Malam sau ɗaya ba gwaji ba ne fa. Mutane sun bambanta, akwai wani inzayim a hanta, CYP1A2, shi ke narkar da kafeyin, wani nasa mai sauri ne wani kuma a hankali, shi ya sa abokinka zai sha ya ji garau kai ka sha ka ji kamar ana buga ganga a ƙirjinka. Kuma kofi ba shi da tabbas, kofi ɗaya zai iya ninka wani a ƙarfi, gara abin da aka rubuta awonsa a jiki, misali gwangwanin Red Bull na mililita 250 miligiram 80 ne a ciki.

Ka shafa alli a yatsa ka tsaya jikin bango ka taɓa iya inda hannunka ya kai, sannan ka yi tsalle uku ka ɗauki mafi tsawo. Ranaku da kafeyin, ranaku babu, lokaci ɗaya, ɗumama jiki iri ɗaya. In za ka samu wanda zai haɗa maka wani lokaci mai kafeyin wani lokaci marar shi ba tare da ka sani ba ya fi, don sa rai kaɗai na iya ɗaga mutum. Amma bugun zuciyar nan da ka ambata, in ya maimaitu ko kana da hawan jini ka fara ganin likita tukuna.

Mai_bulokin:
Na gode sosai. Ashe ma ranar da na gwada minti goma kafin a fara na sha, kuma cikina ba komai. Kilo 64 nake, zan fara da ƙasa da 200 a tirenin ɗin safe in ga abin da bango zai ce. Alli kam akwai.