Neman taimako kan tarihin ƙungiyar Wembley Lions a shekarar 1948

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa tarihin Wembley Lions, ƙungiyar tseren babura ta Landan wadda ta fara a 1929, irin tseren nan da mahaya huɗu ke kewaye fili sau huɗu a kan babur marar birki. Shekarar 1948 ce ta tsaya mini a wuya.

Daga 1946 zuwa 1953 ƙungiyar ta ci gasar ƙasa ta Ingila kowace shekara, sai 1948 kaɗai, wadda ƙungiyar New Cross ta ɗauka. A shekarar ne aka yi gasar Olamfik a filin Wembley, wato gidan Lions, dole suka koma filin tseren Wimbledon suna karɓar baƙi a can. Ni dai a ganina rashin gidan nan ya taka rawa, domin mahayi yana sabawa da ƙasar filinsa da kwanarsa, kuma ba gwanaye suka rasa ba, tunda mahayinsu Tommy Price ne ya ci kofin duniya a 1949. Amma ba na so in rubuta ra'ayi babu hujja a hannu.

Abin da nake buƙata shi ne jerin tseren gida na 1948 tare da makin kowane mahayi, a bambance wanda aka yi a Wimbledon da wanda aka yi a Wembley. Don Allah duk mai takardun shirin tsere na shekarar, ko tsofaffin jaridu, ko da hoto ne ya ɗauka da waya, ya taimaka mini. Sauran babin, har rufe ƙungiyar bayan rasuwar Arthur Elvin, shugaban filin Wembley, a 1957, suna jiran wannan.