Outsourcing a harkar haɗa magunguna: kwangila za mu ce ko jinga?

Jama'a, a taimaka da kalma. Kamfani ne ya ƙirƙiro magani ko rigakafi, lasisi nasa ne, sunansa ke jikin kwalba, amma ba shi ke sarrafawa ba. Wata masana'anta ya ba wa aikin, irin su Lonza ta Suwizalan ko Samsung Biologics ta Koriya ta Kudu. Turawa na ce wa wannan outsourcing. Mu me za mu ce?

Shawarwari sun shigo, na gode. Aikatau da ƙodago na ajiye su gefe, don aikin ƙarfi na mutum ɗaya suke nufi. Saura kwangila da jinga.

Malam, kai da ka ce kwangila, ban ƙi taka ba, kowa zai gane. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne, kunnen Bahaushe in ya ji an ba da kwangila, sai ya ɗauka mai bayarwa ya sauke nauyi, in an samu matsala a nemi ɗan kwangila. A dokar magani kuwa ba haka ba ne. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, tana ɗaukar masana'antar da aka ba aikin tamkar wani sashe na kamfanin da ya ba ta. A Tarayyar Turai ma, ba rukunin maganin da zai shiga kasuwa sai wani ƙwararre da doka ta amince da shi ya sa hannu.

Ga dalilin tsananin. Wasu magunguna da rigakafi a cikin ƙwayoyin halitta masu rai ake renonsu, a manyan tankuna, ɗan sakaci kaɗan ya isa ya ɓata tanki guda. A 2021, masana'antar Emergent da ke Baltimore ta Amurka tana yi wa Johnson & Johnson da AstraZeneca rigakafin korona a gini ɗaya, sinadarin AstraZeneca ya gurɓata na ɗayan kamfanin, aka yi asarar allura kusan miliyan 15. Wa aka ce ya karɓi ragamar wurin? Johnson & Johnson, mai maganin. Haka a 2008, gurɓataccen sinadarin heparin, maganin hana daskarewar jini, daga wata masana'anta a Changzhou ta ƙasar Sin ya fito, amma kamfanin Baxter, mai maganin, shi ne ya janye shi daga kasuwa, bayan an yi asarar rayuka.

Shi ya sa na fi karkata ga jinga. Wanda ya ba da jinga shi ne mai aiki har a gama. Yana leƙawa, yana dubawa, in bai yi masa ba ya ce a sake.

Malama, ƙorafinki na ji, cewa jinga ta yi wa masana'antar biliyoyin daloli ƙanƙanta. Gaskiya ne da farko za ta yi wa kunne baƙunta. Amma ma'anar muke bi, girman kuwa jimla za ta nuna shi.

To ga matsayata: outsourcing, ba da jinga. Wadda aka ba aikin, masana'antar jinga. Mai bayarwa, mai lasisi. Takardar da ke fayyace wa zai gwada me, wa zai sanar da wa in an kauce wa ƙa'ida, wadda FDA ta fitar da jagora a kanta a 2016, yarjejeniyar inganci.

Inda na tsaya shi ne idan mai jingar ma ya ba wani jingar gwaji ko ɗura kwalabe. Jingar jinga? Masu fassara, ku kawo taku.