Tsohuwar Volkswagen Kombi ba batir a ciki: bolt 6 ce ko 12?

Mai_Kombi:
Assalamu alaikum. Tsohuwar Volkswagen Kombi ce, mai gilashin gaba biyu, ta daɗe a ajiye kuma babu batir a cikinta. Lambar shasi ta fara da 237. Kafin a sayo batir ina so a tabbatar ko wutarta bolt 6 ce ko 12, kada a je a ƙona wani abu. Masana, me ake dubawa?

Rewaya_Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dabara da ba ka yi gaggawar ɗaura batir ba.

Lambar nan 23 na nufin Kombi, 7 ɗin kuma ƙirar shekarar 1967 ce, wadda aka fara ƙerawa a watan Agustan 1966. To a nan matsalar take, domin ita ce shekarar canji. Waɗanda aka kai Amurka a wannan shekara bolt 12 suka zo da shi, amma na wasu kasuwannin da yawa sun fito da 6. Daga ƙirar 1968 mai gilashin gaba guda ɗaya ne duk suka koma 12. Saboda haka lambar shasi ba za ta raba gardama ba. Ko da ta raba ma, motar da ta haura shekara hamsin hannu nawa ya taɓa wayarinta?

Buɗe murfin injin a baya ka fara da dainamo, wanda bel ke juyawa. Goge jikinsa da tsumma da ɗan kananzir, za ka ga rubutun Bosch. In ka ga 7V, na bolt 6 ne. In ka ga 14V, na 12 ne. Ƙarfin cajin da yake bayarwa suke rubutawa, shi ya sa adadin ya ɗara na batir. In rubutun ya goge, auna kaurinsa: na 6 yawanci milimita 90 ne, da regileta zaune a kansa kamar ƙaramin akwati, na 12 kuwa milimita 105, regiletarsa a ware take. Awon nan shaida ce kawai, rubutun ne hujja. In kuma altaneta ka tarar, magana ta ƙare, an mayar da cajin 12.

Daga nan sai kwayil, shi ma akwai 6V ko 12V a gindinsa ko a jikin takardarsa. Sannan ka zare ƙwan fitila uku daga wurare daban-daban: na gaba, na birki, da ɗaya na cikin mitar gudu. Na cikin mita ya fi faɗin gaskiya, don ba kasafai ake tunawa da shi ba.

Injiniya_Damagaram:
Bayanin Malam Rewaya daidai ne. Abin da zan ƙara shi ne kada kowa ya yanke hukunci da kik. Masu mayar da motocin nan 12 sukan bar kik na bolt 6 a wurinsa, saboda fulawil (faifan ƙarfe mai haƙora da kik ke juyawa don tada inji) na bolt 6 haƙora 109 gare shi, na 12 kuwa 130, kuma haƙoran kik ɗin wannan ba sa shiga na wancan. Canza fulawil sai an sauke inji, shi ya sa ake barinsa. Kik na 6 yana jure bolt 12 in ana taɓa shi a taƙaice, sai dai yana bugun fulawil da ƙarfi, a hankali ya cinye haƙoran.

Abin da ya fi yawa a irin motocin nan shi ne aikin rabi da rabi: an canza dainamo da kwayil da ƙwayayen waje, an bar injin waifa da rilen sigina da ham da cok ɗin kafireta a kan 6. Kowannensu akwai rubutu a jikinsa, a bi su ɗaya bayan ɗaya a rubuta a takarda. In ka ga wani ɗan farin dutse da waya biyu a hanyar waifa, na rage wuta ne, alamar an mayar da motar 12 ke nan.

Gilashi biyu shi kaɗai ba shaida ba ne. Brazil ta ci gaba da ƙera irin wannan jikin har 1975, kuma nata na shekarun 1970 bolt 12 ne.

Mai_Kombi:
Allah ya saka da alheri. An duba: dainamo 7V, kwayil 6V, amma ƙwayayen gaba 12V ne. Yaya ke nan?

Rewaya_Fagge:
Motarka bolt 6 ce, ranka ya daɗe. Ƙwayayen nan wani ne ya sa abin da ya samu a kasuwa, kuma a kan 6 ja-ja za su riƙa ci kamar aci-balbal. A nemo na 6.

Kada a gwada ta da batir 12, ko na minti ɗaya. Ƙwayayen 6 da suka rage nan take za su mutu, kwayil ya ɗau zafi, kwantak ya ƙone, kuma dainamon ba zai taɓa cajin batirin ba. Batirin 6 murfin ruwa uku gare shi, na 12 shida, don kowane ɗaki bolt 2.1 yake bayarwa. Cikakken batir zai nuna 6.3 a mita, in inji na gudu kuma 7 zuwa 7.4. Nagetif ne ke zuwa jikin mota.

Tunda ta daɗe a ajiye, dainamon na iya rasa ɗan maganaɗisun da yake tashi da shi. Cire bel, nemo mahaɗan wayar dainamon biyu da ake kira DF da D+, haɗa DF da jikin mota, ka taɓa D+ da fozitif na batir na daƙiƙa biyu zuwa uku, bayan ka zare wayoyin regileta. In lafiyayye ne zai juya da kansa.

Injiniya_Damagaram:
A kuma kankare kan wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota, da ta nagetif ɗin batir, har ƙarfen ya yi fari. Bolt 6 ninkin amfiya yake ja kafin ya yi aikin da 12 ke yi, don haka tsatsa kaɗan ta isa ta sa kik ya yi ƙas ya tsaya. Wayar batir ma sai mai kauri, ta ƙananan motocin yanzu ta yi mata siriri.