Musayar waƙa: Yaya ya dawo, an yi suna

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka yi sunan ɗiyar Yaya. Yana cikin mutum 23 na ƙarshe da aka sako daga hannun masu garkuwa ran 5 ga Oktoba, 2022, bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris. Ga abin da ya zo min:

Na gode Allah Sarkin da ya raya mu,
Da ya maido mana Yaya gida Kaduna.
Daren Litinin jirgi ya tsaya a daji,
Kusa da Katari, wuta ta ko'ina.
Muna tashar Rigasa muna ta jira,
Wayarsa a kashe, Inna ta kasa magana.
Azumi ya zo ya wuce, ga salla biyu,
Akushinsa a kife wata shida da 'yan kwana.
Kawu ya sai da shanunsa bai faɗa ba,
Goggo ta tare gidanmu dare da rana.
Ku ma 'yan zauren nan kun yi karo-karo,
Buhun shinkafa har ƙofar ɗakina.

Uwar Biyu (Tudun Wada): Allah ya raya, ya ɗayyaba. Amma ƙanina:

Ka yabi Kawu da Goggo da shinkafa,
Ina matar Yaya, don me ka tsallake ta?
Da ɗinki ta riƙe yara uku a makaranta,
Keken bai huta ba, balle ita.
Maza in za ku gode buhu kuke ƙirgawa,
Hawayen da aka sha a madafi kun manta.

Ɗan Dabo (Kawo):

Hajiya ki yi masa uzuri don Allah,
Bazazzagi ne, cikinsa ke masa waƙa.
Da buhun bai iso ba da ba mu ji baiti ba,
Ba shi ƙosai, ya rera ɗari ka ɗauka.

Ɗan Rigasa:

Bakano, lissafin karo-karo na hannuna,
Dubu ɗaya ka bayar, ka yi mako kana shela.
Har ka tambaya ko za a ba ka canji,
Ku ko a gidan makoki sai kun yi talla.

'Yar Barnawa: Wayyo cikina! Ɗan Rigasa ya gama da shi. Zazzau ɗaya, Kano ba ko ɗaya.

Malam Mai Aruli (masanin awon waƙa, Unguwar Sarki): Barka da arziki ɗana. Sai dai gyara kayanka. Amsa-amon "na" ya zauna daram, kari ne ya karye. Ɗangon akushi, wato layin da ka ambaci akushi, ya ɗara 'yan uwansa gaɓoɓi, mai rerawa sai ya yi gudu kafin ya kai ƙarshe. Ka fara kamar Mutadarik, ɗaya daga ma'aunan waƙa da ake kira bahari, ka ƙare ba bahari.

'Yar Barnawa: Haba Malam, mutum na godiyar Allah kana ƙirga masa gaɓa?

Malam Mai Aruli: 'Yata, godiya daban, waƙa daban. Tunda ya kira ta waƙa, dole a auna.

Ɗan Dabo: Gaskiya Malam, auna shi da kyau! Duba na biyun ma.

Malam Mai Aruli: Kai naka ya fi nasa ɗingishi, Bakano. "Waƙa" da "ɗauka" ba amo ɗaya ba ne, ƙa daban, ka daban.

Baban Yara (Kakuri): Sai yanzu na samu caji. Ban iya aruli ba, a yi haƙuri:

Washegarin harin mun yi layi a asibiti,
Kowa ya naɗe hannun riga zai ba da jini.
Ba a tambayi mai zuwa coci ko masallaci ba,
Leda ta cika, an karɓa, an ce na gaba ya zo nan.
Maƙwabcina bai dawo ba, a jirgin ya cika,
Marayunsa na nan, ku sa su a karo-karon bana.

Ɗan Rigasa: Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, Baba. Turo min bayani ta waya, ni zan fara. Bakano, wannan karon ba canji.

Ɗan Dabo: Na sa dubu goma, kuma Malam shaida ne. Malam, na Baba fa, ba ka auna ba?

Malam Mai Aruli: Wannan ba zan taɓa shi ba. Amma ɗangon akushi yana nan yana jiran gyara.

Uwar Biyu: Ku gama rigimarku. Ni har yanzu ban ga baitin matar Yaya ba, kuma ba zan kwanta ba sai an kawo shi.