Zan tashi daga shagon ɗinkina, ya zan yi kar aiki ya tsaya?

Tela_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka taɓa canja wurin sana'a. Shekarata 9 ina ɗinkin maza a wani shago a Fagge cikin Kano, to yanzu mai ginin ya ce zai rushe ya ɗora bene, ya ba ni wata shida, saura huɗu. Alhamdulillahi na samu wani ta wajen Zoo Road, ya ma fi wannan faɗi, har na ba da kafin alƙalami, amma wallahi tun ranar ba na samun barcin kirki. Kekuna biyar gare ni masu amfani da wuta, da injin aikin surfani na kwamfuta ɗaya, da janareta, da yara bakwai da ke cin abinci a ƙarƙashina, ga shaddodin mutane jibge a kanta wasu tun bara masu su ba su waiwaye su ba. Yawancin kwastomomina 'yan kasuwar yadi ta Kantin Kwari ne, mutum ya yanko yadi ya tako da ƙafa ya miƙo min, to in na yi nisa anya za su biyo ni? Kuma rana ɗaya zan kwashe komai ko kaɗan-kaɗan?

Dattijon_Kwari:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena kafin komai ɗauko kalanda ka duba ina azumi ya faɗo, domin tela ba ya tashi daga Sha'aban har a sauko daga idi, kuma tsakanin sallolin nan biyu ma wata biyu ne da 'yan kwanaki, kafin ka farfaɗo aikin babbar sallah ya taso. Lokacinka shi ne bayan babbar sallah da kamar sati biyu, lokacin da aljihun kowa ya bushe shago ya yi shiru. In wa'adin da aka ba ka bai kai can ba, ɗauki dattijo ɗaya ku je ku roƙi mai ginin, shekara tara ba kwana tara ba ce.

Sannan kar ka yi ƙyashin biyan haya biyu na wata ɗaya. Ni da na canja shago haka na yi, kuma har yau ban ga kuɗin da na kashe da ya yi min rana kamar wannan ba. Ka fara kai kekuna uku can su kama aiki, ka bar biyu a nan da babban yaronka yana karɓar aiki yana ɗaukar awo, duk wanda ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe a faɗa masa baki da baki. Mutum in ya zo ya ga kwado a ƙofa ba ya tsayawa karanta takardar da ka manna, telan da ke kusa zai shiga.

Mai_Wayarin:
Oga ni ta fannin wuta zan yi magana dan nan ne mutane ke faɗawa rami. Kafin ka cika kuɗin haya je ka duba mitar shagon, in ta kati ce ka sa a duba maka ko akwai tsohon bashi a kanta, dan in akwai, sai ka sayi kati ka ga an zaftare wani abu. In kuma bil ake kawowa ka ce a nuna maka na ƙarshe. Ka tambayi maƙwabta layin nan wane band ne, wato rukunin farashin wuta, tun watan Afrilun 2024 da aka kai Band A naira 225 kowane yunit lissafin masu dutsen guga ya canja, an ce awa 20 za a riƙa ba su a rana, to ka tambayi mai shagon kusa awa nawa suke gani da idonsu. Mitarka ta Fagge kuma kar ka ce za ka ciro ta ka tafi da ita, da adireshin can aka yi mata rajista, ka je ofishin kamfanin wuta na KEDCO a yi abin a ƙa'ida.

Injin kwamfutar nan shi ne na ƙarshe da zai tashi, sai an gama wayarin an gwada soket ɗaya bayan ɗaya an sa sitabilaiza, kuma makanikensa ya zo ya kwance da hannunsa ya ɗaura, kar ka bar 'yan dako su cicciɓe shi su jefa a kurkura kamar buhun masara.

Maman_Shago:
Yayana kayan mutane nake ji maka. Ni ɗinkin mata nake yi, ranar da muka tashi leda ɗaya ta ɓata mai leshin amarya a ciki, sai da na biya daga aljihuna kuma har yau matar ba ta ƙara kawo min ko ɗankwali ba, abin yana ci na in na tuna. Tun yanzu ka fara kiran masu tsofaffin kaya su zo su kwashe, wanda ya rage kowanne a ledarsa da suna da lambar waya a takarda a ciki, a ƙirga wajen lodi a ƙirga wajen saukewa. Littafin awo kuwa a jikinka zai tafi, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya tun yau. Kar ka canja lamba ko ta POS ko ta WhatsApp, ka ɗauki ɗan bidiyo daga bakin titi har ƙofar shagon ka riƙa sawa a sitatus, ka gyara wurin a Google Maps, in kana da rajistar hukumar kamfanoni ta CAC can ma a sauya adireshi. Kuma ka leƙa layin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka dai tuna yadda ambaliya ta yi da Kwari a 2022.

Ɗan_Dangwauro:
Mu da aka taso mu masu magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 kasuwa ce guda ta tashi, dole mai saye ya biyo mu, duk da haka mun ji jiki a watannin farko. Kai kuwa kai kaɗai ne, dan haka kai za ka bi su. Ka ware yaro ɗaya da mashin kullum bayan la'asar ya zaga Kwari ya karɓo yadi ya kai wanda aka gama, tunda awonsu yana hannunka ba sai sun zo ba. Kuma ka zauna da yaranka a kan kuɗin adaidaita, wanda da yake takowa da ƙafa yanzu sai ya hau abin hawa zuwa da dawowa, in ba ka ƙara musu wani abu ba za ka wayi gari ƙwararren cikinsu ya koma wani shagon.

Tela_Fagge:
Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Maganar mita wallahi ko a raina ban kawo ba, gobe da safe zan je in duba kafin in cika wa dillali. Baba Dattijo na lissafa, wa'adin zai cika ana saura sati uku babbar sallah, dan haka ranar Juma'a in sha Allahu zan ɗauki kawuna mu je wajen mai ginin mu nemi ƙarin wata ɗaya da rabi. Mai_Wayarin dan Allah sitabilaiza mai ƙarfin nawa zan nema wa injin, mai kai ɗaya ne.